Zuciyar Mace Da Tazarar Haihuwa

Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya gabatar a wurin taron wayar da kan jama'a a Ƙofar Wambai, cikin birnin Bauchi.



Ina godiya ƙwarai da kuka bar sana'o'inku da hidimomin gidajenku kuka taru a nan Ƙofar Wambai, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin garin Malam Yakubu. Tun farko ya kamata in faɗa muku cewa ni ba likita ba ne. Aikina shi ne fassara takardun Gwamnati daga Turanci zuwa Hausa, sa'an nan in kawo wa jama'a bayaninsu. A cikin wannan aiki takardu masu yawa sun bi ta hannuna game da tazarar haihuwa, kuma na lura galibinsu sun tsaya ne a kan jiki, watau wane magani ne, yaya ake shansa, wata nawa yake yi. Ba a cika tambayar abin da ke kai-kawo a zuciyar matar da za ta sha ƙwayar, ko ta miƙa hannu a yi mata allurar ba. Wannan shi ne abin da ya kawo ni yau.

KALMAR DA TA ƁATA MANA AIKI

A shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana Ministan Lafiya, Nijeriya ta fito da manufarta ta farko game da yawan jama'a. A ciki an ba da shawarar kowace mace ta tsaya a kan 'ya'ya huɗu. Shawara ce, ba doka ba, kuma har yau babu wata doka a ƙasar nan da ta yanke wa kowa yawan 'ya'yan da zai haifa. Amma kalmar da ta bazu a Arewa ita ce "ƙayyade iyali". Duk Bahaushe ya san ƙayyadewa yanke iyaka ce. Namiji ya ji kamar an shigo masa gida ba sallama, mace kuwa ta ji kamar ana cewa ta mayar wa Allah kyautarsa. Mu masu fassara muna da namu kason a cikin wannan kuskure, kuma ba na jin kunyar amsa shi a gabanku. Yanzu "tazarar haihuwa" ake cewa, domin ita ce ta fi dacewa da abin da galibin mata suke nema. Amma tabon kalmar farko bai gama gogewa ba.

Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin matan aure 100, guda 12 ne kaɗai ke amfani da hanyoyin zamani, alhali kuwa 19 suna son su jinkirta ciki ko su tsaya, amma ba sa amfani da kome. A binciken 2023 zuwa 2024 masu amfani da hanyoyin zamani sun kai 15. Tun shekarar 2011 kuwa Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa a riƙa ba da kayan tazara kyauta a asibitocinta da na jihohi. Ashe ke nan ba kuɗi ne kaɗai ke tsare mace a gida ba. Akwai nisan asibiti, akwai ƙarewar kaya, amma babban abin da ke riƙe da ita a zuciya yake.

TSAKANIN GORI BIYU

Tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata sukan yi wankan jego na kwana 40, su shayar da ɗa wajen shekara biyu, da yawansu ma a gidan iyayensu suke yin wani ɓangare na goyon. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Matar da ta yi ciki da goyo a baya kuwa sai a ce ta yi kwanika, tsofaffi su yi ta yi mata faɗa, sa'o'inta su yi mata dariya a gidan suna.

Zamani ya sake. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa a birni yana zaune da matarsa a ɗaki ɗaya ko biyu, ba ta tafiya gida ta yi watanni, kuma ba kowa ke da mata fiye da ɗaya ba. Tsohuwar hanyar nisantar juna ta yi wuya, amma gorin kwanika yana nan inda yake. Saboda haka matar yau tana tsakanin gori biyu. In ta yi ciki da wuri a ce ba ta da kamun kai, ta cuci yaron da ke bayanta. In ta je asibiti ta karɓi magani a ce ta ƙi haihuwa, ta zama Baturiya. Ku dubi wannan hali da idon adalci, iyayena maza, ku gaya mini wace hanya aka bar mata.

TSORON ZAMA JUYA

Tsoro na farko, wanda ya fi kowanne girma, shi ne kada maganin ya kashe mata mahaifa. A wurinmu darajar mace a gidan miji ta ɗamfaru da haihuwa, kuma babu zagin da ya fi "juya" ciwo. To, ga abin da likitoci suka tabbatar. Ƙwayar da ake sha kullum, da ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, irin su Implanon mai shekara 3 da Jadelle mai shekara 5, da robar da ake sawa a mahaifa, duk da zarar an daina ko an cire, mace tana iya ɗaukar ciki ba da jimawa ba. Allurar wata uku, watau Depo-Provera, ita ce ke da jinkiri. A matsakaicin lissafi, mace takan sami ciki wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe, wata ma ta ɗan wuce haka. Jinkiri ne kurum, ba mutuwar mahaifa ba, amma matar da ba a gaya mata tun farko ba za ta kwashe watannin nan cikin zullumi, tana ganin ta halaka kanta da hannunta.

Haka kuma mata da yawa masu allura ko ashana al'adarsu takan ɗauke. Sai ka ji ana cewa jinin yana taruwa a ciki zai zama ƙari. Ba ya taruwa ko'ina. Maganin ne ke hana shimfiɗar cikin mahaifa yin kauri, don haka babu abin da zai zubo. Abubuwan da suka fi hana haihuwa su ne ciwon sanyi da aka bari ba magani da wahalar da aka sha a wata haihuwa ko ɓari, kuma sau da yawa matsalar daga wajen namiji take.

JINI DA IBADA

Akwai wata damuwa da ban taɓa ganinta a takardun Turancin da nake fassarawa ba, sai a bakin mata na ji ta. A watannin farko na allura ko ashana, jini yakan riƙa ɗigowa ba bisa ƙa'ida ba, yau ya zo gobe ya ɗauke. Ga likita wannan ƙaramin abu ne wanda sau da yawa yakan daidaita da kansa. Ga Musulma kuwa babban al'amari ne. Ta yi salla ko ta bari? Azumin da ta yi jiya ya karɓu? Ta taɓa Alƙur'ani? Me za ta ce wa maigida ranar girkinta? Mace mai tsoron Allah sai ta fara zaton ko wannan horo ne a kan abin da ta aikata, ta daina maganin a ɓoye, ba ta gaya wa kowa ba.

Wannan matsala tana da magani ta fuska biyu. Littattafan da muka karanta a makarantun zaure, irin su Ahalari da Risala, sun bambanta jinin haila da jinin istihala, kuma sun bayyana yadda mai istihala za ta ci gaba da ibadarta. Sai ta tambayi malama ko malamin da ta amince da shi. A asibiti kuma akwai abin da ake bayarwa don rage zubar, ko a sake mata wata hanyar. Ina roƙon malaman Islamiyyar matan aure su riƙa buɗe wannan babi da kansu, domin kunya ba za ta bar ɗaliba ta ɗaga hannu ba.

KISHIYA, UWAR MIJI, DA SIRRI

A gidan da ke da mata biyu ko uku, haihuwa takan zama tsere. Kowace tana lissafin 'ya'yanta da na abokiyar zamanta, tana tunanin gado da matsayinta in ƙarfi ya ƙare. Mace tana iya sanin jikinta ya gaji, likita ma ya gaya mata, amma ta ce ina zan huta ita tana haihuwa. Ga kuma uwar miji, wadda ita ma ba mugunta ke sa ta ba, son jikoki ne da irin tarbiyyar da ta tashi a ciki, tana tambaya kullum, "Shiru har yanzu?"

Bari in ba ku labari daga gidanmu. Ina da wata yaya wadda ta haifi 'ya'ya biyar a cikin shekara bakwai. A haihuwa ta biyar ta zubar da jini har aka yi mata ƙari. Bayan arba'in ta je wani asibiti ta fara karɓar allura, mijinta bai sani ba, domin tana tsoron ya hana. Katin asibitin a cikin tukunyar da ba a dafuwa da ita take ɓoye shi. Duk ranar komawa sai ta ƙirƙiro unguwa. Jikinta ya murmure, amma ta zama mai firgita, ko sallama aka yi sai gabanta ya faɗi. Ta ce mini abin da ya fi damunta shi ne ƙaryar da take yi wa mutumin da ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Rannan wata ma'aikaciyar asibitin ta gamu da ƙanwar mijin a gidan biki, ta ce a tuna wa yayata ranar allurarta ta wuce. Kafin magariba magana ta kai kunnen maigida. Sai da ta yi wata biyu a gidanmu kafin manya suka daidaita su. Abin da mijin ya faɗa a gaban mahaifinmu shi ne, ba allurar ce ta ɓata masa rai ba, jin labarin matarsa a bakin wasu ne. Ya ce da ta tambaye shi da shi zai kai ta. Ko da gaske ne, ko kuwa bayan aukuwa ce ta sa ya faɗi haka, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, a shekara tara da suka yi tare kafin ranar, bai taɓa buɗe mata ƙofar da za ta yi wannan tambaya ba.

SHIN MAGANIN KANSA YANA TAƁA ZUCIYA?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba za mu ɓoye muku amsarta ba. Ƙwaya da allura da ashana suna aiki ne da sinadarin da ake kira homon, irin wanda jikin mace ke yi da kansa, kuma shi ne ke sa wasu mata sauyin hali gab da al'ada ko lokacin goyon ciki. Mata da yawa suna amfani da su shekara da shekaru ba su ji kome ba. Amma akwai waɗanda sukan sami saurin fushi, ko ƙuncin rai, ko raguwar sha'awar miji, ko ciwon kai. A shekarar 2016 masana a Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Danmak sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan mata fiye da miliyan ɗaya, 'yan shekara 15 zuwa 34. Sun ga cewa masu amfani da hanyoyin homon sun ɗan fi sauran yawan karɓar maganin ciwon damuwa daga baya, musamman waɗanda ba su kai shekara 20 ba. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare a wurin wasu mata, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ke haddasa ɗaya ba. Duk da haka ya ishe mu darasi, musamman mu da ake aurar da 'ya'yanmu da ƙuruciya.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kin fara wata hanya kika ga halinki ya sauya, kada ki ce raki ne, kada kuma ki bari a ce miki haka. Koma asibiti ki faɗa. Hanyoyi suna da yawa, kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ke yin shekara 10 ko fiye, ba ta da homon ko kaɗan, sai dai takan ƙara wa wasu yawan jinin al'ada. In baƙin ciki da yawan kuka da rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, lalle a ga likita. In har tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to a ranar za a tafi, kada a kwana. A nan Bauchi ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ba hauka ba ne, kuma yin addu'a bai hana zuwa asibiti ba. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mai irin wannan lalura.

NAUYIN WADDA BA TA HUTA BA

Adalci ne mu auna ɗaya gefen ma. Matar da ba ta shirya wa ciki ba, ba ta kuma da abin kariya, kowane wata cikin ƙidayar kwanaki take. Takan riƙa gudun mijinta, shi kuwa ya ɗauka ƙi ne, gida ya cika da fushin da ba wanda ya san tushensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan sami matsalar damuwa bayan haihuwa. Ku ɗora mata sabon ciki a kan wannan, ga na goye, ga na yaye. Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin haihuwa 100,000 mata 512 ne ke rasa rayukansu a Nijeriya, kuma babu unguwar da ba ta san gidan da aka yi irin wannan rashi ba. A Ningi, cikin wannan jiha, Gwamnatin Tarayya tana da cibiyar gyaran masu yoyon fitsari, kuma duk wadda aka yi wa irin wannan aiki akan shawarce ta ta huta kafin wani cikin. A 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, bayan ɓari kuwa wata 6. Kun ga wannan bai yi nisa da shekara biyun kakanninmu ba. Mata da yawa da suka sami hanyar da ta karɓe su, abin da suke fara ambata shi ne kwanciyar hankali, da samun sukunin kula da yaran da ke gabansu.

MATSAYIN ADDINI

Ba ni da ikon ba da fatawa, ga malamai nan zaune. Abin da zan iya kawowa shi ne, a watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a kan wannan batu. Ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata haihuwa ba, kuma bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da larura. Amma ta halatta jinkirtawa na wani lokaci saboda bukatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar miji da mata, muddin babu cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. 'Yan'uwanmu Kirista su ma su tuntuɓi shugabanninsu. Waɗanda ɗarikarsu ta fi amincewa da hanyar ƙidayar kwanaki, kamar Katolika, ita ma ana koyar da ita a asibiti.

ROƘO GA KOWA

Iyayena da 'yan'uwana maza, ku ne za ku fara maganar, domin kunya da tsoro sun ɗaure bakin matanku. Tambaya ɗaya ta isa: "Yaya jikinki, kina ganin za mu ɗan dakata?" In an yanke shawara, kai ne za ka tsaya tsakaninta da gorin dangi, ka shaida wa mahaifiyarka cikin ladabi cewa da saninka. A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tun kafin 2010 aka fara abin da ake kira Makarantar Mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Hausawa ne irinmu, kuma rawaninsu bai faɗi ba saboda haka.

Ma'aikatan lafiya, tun 2014 Gwamnati ta yarda a horar da ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa yin allura da sa ashana, watau amanar ta ƙara yawa a hannunku. Ku gaya wa mace abin da zai iya faruwa kafin ya faru. Ku yi magana da ita inda layi ba zai ji ba. In ta ce a cire mata ashana, a cire, ko da wa'adi bai cika ba. Sirrinta kuwa kada ya bi ku gidan biki.

Iyayena mata da ƙannena, kada a ba ki abin da ba ki san sunansa ba. Ki tambayi tsawon aikinsa, da abin da zai yi wa al'adarki, da yadda ake dainawa. Mai dogara da shayarwa ta sani cewa tana karewa ne in an cika sharuɗɗa uku tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ku kuma surukai, ku tuna da wahalar da kuka sha a naku zamanin, ku tausaya wa 'ya'yan wasu da ke hannunku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wadda ta zaɓi ta yi tazara da wadda ta zaɓi ta bari, duka 'yan ƙasa ne masu mutunci, kuma Gwamnati ba ta tilasta wa kowa. Abin da muke nema shi ne kada wata mace ta sake ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai cikin tsoro. Ma'aikatan lafiya suna nan bayan an tashi, mata a gefe guda, maza a gefe guda, ga duk mai tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba matanmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.